Dutsen da Muke Ɗumama wa Tsaka

Inna ba ta kuskuren tsaka. Tun ina yaro a Zurmi na san haka. In ta hango ɗaya a jikin bango, sai ta tuɓe silifarta ba tare da ta katse zancen da take yi ba, ta kai mata duka ɗaya, ta ce lada ne, ta ci gaba da maganarta. Sau ɗaya tak na ga ta kuskure, a gidan da nake haya a Kaura Namoda, a daminar farko bayan an ƙaddamar da shari'a. Silifar ta sauka a wutsiya. Wutsiyar ta faɗo tana wutsil-wutsil ita kaɗai, tsakar kuma ta faɗa cikin kwanon silba da ke gefen katifar 'yata, santsi ya hana ta fita.

'Yata tana da shekara tara a lokacin. Sunan Inna ta ci, don haka ni Uwata nake ce mata, Inna kuma takan ce mata takwara. Sikila gare ta. Mahaifiyarta ta rasu shekara biyu kafin nan, shi ya sa Inna ta baro Zurmi ta zo ta riƙe mana gida. Damina ita ce abokiyar gabar yarinyar nan. Da hadari ya haɗu ƙasusuwanta ke fara sanar da ita, in marka ta zauna kuwa sai ta yi sati ba ta taka tsakar gida ba.

Uwata ta jawo faifai ta rufe kwanon, ta ɗora hannu a kai.

"Inna, bar ta. Kin cire mata wutsiya, ya isa."

"Takwara, tsaka ta hwa. Ko abinci tat taɓa, jikin mutum lalacewa shikai."

"Ni jikina mi ya rage mai?"

Inna ta tsaya da silifa a hannu. Can ta sunkuya ta mayar da ita ƙafa, ta fita tana tsaki.

Ya kamata in hana, ban hana ba. Ni malamin ilimin halittu ne, an dawo da ni gida daga wajen Sakkwato da aka yanko mana jiha, kuma na san tsaka ba ta sa wa kowa ciwon fata. Amma sanin nan a aljihu na bar shi. Shekara ce da kowa ke auna tsawon wandon ɗan'uwansa da ido, ban ga yadda zan zauna a ɗakin malamai a ce ga wanda ke kiwon tsaka a gida ba. Ban gaya wa kowa ba. Na dai tsinto gilasan taga da suka zube a bayan wani aji, na yanka, na haɗa da gam, na yi akwati mai tsawon kamu biyu. Na zuba yashi, na kifa tsingaro a kowace kusurwa don ta samu maɓoya, murfin kwalba ya zama randarta, na rufe sama da ragar sauro. Uwata ta zama mai ba da umarni daga kan katifa, ni kuma ɗan aikenta, ina bin gindin bango da gwangwani ina farautar gara da ƙananan fara.

Matsalar ita ce ɗumi. Tsaka ba ta da zafin jikin kanta, aro take yi. A jikin bango tana bin inda rana ta gasa, in ya yi mata yawa ta koma inuwa. A cikin gilashi, a ɗakin da marka ta sa ya yi sanyi kamar randa, ba ta da inda za ta je. Kwana uku ta lafe a ƙarƙashin tsingaro, ta ƙi cin komai.

Na fara da ƙwan lantarki a cikin gwangwanin madara da na huhhuda. Ya yi aiki kwana biyu, aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba har na manta da ita. Na gwada fitilar ƙwai, hayaƙin ya sa Uwata tari, na kashe. Daga ƙarshe na sauka bakin gulbi na samo dutse mai faɗi da sulɓi. Kullum da safe in tura shi cikin tokar murhu bayan Inna ta sauke koko, in ciro shi, in naɗe da tsumma ninki uku, in ɗora bayan hannuna a kai. In na iya barin hannun har in ƙirga ashirin ban janye ba, ya yi. Sai in jingina shi da gilashin ta waje, a gefe ɗaya kawai. Ɗaya gefen a bar shi da sanyinsa, saman kuma a buɗe. Wannan shi ne dukan sirrin: a ba ta ɗumi, a kuma bar mata wurin gudu. Na aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwaji na nuna wa Uwata yadda jan layin ke hawa a wannan kusurwa, ya sauka a waccan. Ta haddace tsaf.

Inna ban nuna mata ba. Abin da na ce da ita kawai, kada ta taɓa. A raina na ce me zan ɓata bakina a kai, matar da ko kallon akwatin ba ta yi, in za ta share ɗakin ma sai ta kau da kai tana a'uziyya.

Tsakar ta fara ci. Bayan sati uku Uwata ta kira ni da wata murya da na daɗe ban ji ba. A inda wutsiyar ta guntule wani ɗan tsiro ya fito, baƙi-baƙi, bai kai ƙwayar gero biyu ba.

"Baba, duba, tana tsirowa. In wagga ta kai yankan gero, ni ma ina kaiwa."

Na yi mata faɗa sosai. Na ce rai a hannun Allah yake, ba a jikin ƙadangaru ba. Ta ce ta sani. Amma ta riga ta faɗa, ni kuma na riga na ji. Daga ranar na daina ɗumama dutsen nan don in faranta mata, tsoro ne ya koma tashe ni.

Wata Alhamis mahaifin wani abokin aikina ya rasu a Shinkafi. Na gasa dutse da sassafe, na jingina, muka tafi ta'aziyya da nufin in dawo kafin azahar in sake gasawa. Ruwa ya tsare mu. Ya sauko tun hantsi bai ɗauke ba, motar da muka samu ta maƙale a laka wajen Badarawa, muka sauka muna turi. Sai bayan la'asar na shigo gida, jiƙe sharkaf, raina a ɓace.

Ƙaurin garwashi na fara ji tun daga ƙofa. Uwata tana barci, irin barcin da takan yi in ciwo ya gama wahalar da ita an ba ta magani. Teburin da akwatin ke kai an lulluɓe shi da bargon Inna har ƙasa. Na yaye. A ƙarƙashin teburin kaskon wuta ne cike da garwashi. Dutse biyu, nawa da wani da aka ƙaro, tsirara ba tsumma, ɗaya a kowane gefe. Gilashin ya yi gumi, ban iya riƙe shi ba. Tsakar tana can sama, ta manne da ragar sauro inda ta je neman iska, bakinta a buɗe, ta sandare.

Na fita tsakar gida na samu Inna a ƙofar madafa. Abin da na faɗa mata ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na ce ta samu ladan da take nema. Na ce silifa ta kuskure, wuta ba ta kuskure ba. Na ce in yarinyar nan ta tafi, ta san wanda ya buɗe mata hanya. Uwar da ta haife ni na tsaya a gabanta ina faɗa wa haka, ruwa na zuba a kanmu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kuka takai, tana cewa dutse ya huce, abinta za ya mutu. Kai ba ka nan. Ni abin da nis sani shi na yi. Haka anka yi man da na haihe ka, anka hura wuta ƙarƙashin gado, anka rufe ɗaki. Haka nikai ma 'yan tsaki." Ta buɗe tafin hannunta ta duba, ba don ta nuna mini ba. Yatsu uku sun tashi, sun yi ruwa. Da hannu ta ciro duwatsun daga wuta don sauri. "Ba ka ce man gehe guda ba," in ji ta.

Ban ce mata ba. Yara arba'in-arba'in na tsaya a gabansu na zana wannan abu a allo, shekara da shekaru, amma mahaifiyata da ke kwana ɗaki ɗaya da akwatin ban ga ta isa in yi mata bayani ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa a cikin ruwan na ce ta yafe mini. Ta ce tashi, yarinya na gab da farkawa.

Dabarar da ta biyo baya tata ce, ni kuma na yarda. Ta shiga ɗakin ajiya inda tsaka ke taruwa a bayan buhunan dawa, ta tuɓe silifa da hannun da bai ƙone ba. Matar da ba ta kuskure ta tsaya tana auna yadda za ta kuskure da gangan. Ta farko ta mutu nan take. Ta biyu ta tsere. A ta uku silifar ta sauka daidai wutsiya, na kifa kwano. Na zubar da yashin, na sa sabo, na gasa dutse, na naɗe, na ƙirga ashirin. Waccan na haƙa rami a gindin zogale na binne ta.

Uwata ta farka gab da magariba. Ta juyo da ƙyar ta kai fuskarta jikin gilashin, ta daɗe tana kallo. Ni ina tsaye ina ta surutun laka da mota, Inna tana bakin ƙofa ta ɓoye hannu a cikin zane.

"Wagga ba ita ba ta," in ji ta. "Tawa wutsiyarta ta tsiro."

Ta dubi Inna, ta dubi zanen da hannun ke ciki. Ban san me ta gani ba, ban kuma san ko barcin nata ya yi nauyin da muka zata ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Ku bar ta nan, tunda kun cire mata wutsiya. Baba, ka koya ma Inna."

A gabanta na koya mata. Tsumma ninki uku, bayan hannu, ƙirga ashirin, gefe ɗaya, sama a buɗe. Inna ta maimaita kamar 'yar aji ɗaya, Uwata tana gyara mata.

Maganar yankan gero ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Na yi ta jira ta ɗora ta a kan sabuwar tsakar, har nakan ce mata duba, wannan ma za ta tsiro. Sai ta ce to. Ciwon ya dawo bayan kwana tara, ya hau ƙirji, muka kai ta asibiti. Gero yana tsaye a gona, ya fitar da kai bai nuna ba, muka kai ta makwancinta.

Ranar da aka share makoki na yi niyyar in kai akwatin bayan gida in buɗe ragar. Na shiga ɗakin da safe na tarar da Inna a durƙushe gaban teburin. Ta naɗe dutsen, ta ɗora bayan hannunta mai tabo a kai, leɓunanta na motsi tana ƙirgawa. Na ce Inna, bari in sake ta, ta koma bango.

Ba ta juyo ba sai da ta kai ashirin. Ta jingina dutsen a gefe ɗaya, ta gyara shi.

"Ba a yanke gero ba tukuna," ta ce.