Aninin da Ke Cikin Taraktar Baba Shekari

A shekarar da sojoji suka koma bariki, 1999, Kamazou ba ta gama zama gari ba. Gonakin masara sun fi gidaje yawa, kuma kowa ya san kukan taraktar Baba Shekari tun kafin ta shawo kwana.

Mutumin Zonkwa ne. Ya shigo Kaduna yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran injuna a wata masaƙa a Kakuri. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar tarakta a gwanjo, mai bokiti a gaba, yana loda wa masu gini yashi. Aibinta ɗaya ne. Tana ɗaga kaya lafiya lau, amma da an taɓa liba don saukewa, sai hannun da ke riƙe da bokitin ya faɗo tim! Yashi kuwa ba ya ƙorafi.

Sai ga ƙararrawar coci ta iso. Matarsa Juliana ce ta fara zuga Zumuntar Mata su saye ta, amma ta rasu wata huɗu kafin a kawo. Ana so taraktar ta ɗora ta a kan turakun ƙarfe biyu, a hankali, don tagulla in ta tsage ta tsage ke nan.

Mama Rebecca, shugabar matan, ta same shi a gida. "Baban Monday, mun san halin jakar taraktar nan taka. In ta fasa mana ƙararrawa, kai za ka riƙa tsayawa ƙofar coci kana cewa gwarang duk Lahadi."

"Ba ni kwana uku, Mama."

Ya san ciwon. Man da ke riƙe hannun yana komawa tanki a guje, ba abin da ke tare shi. Ya zagaya 'yan gwangwan neman bawul ɗin da zai rage wa man gudu, bai samu daidai ba. Ran na biyu ya buɗe gwangwanin allura da zare na Juliana yana neman maɓalli, sai ya ga tsohon anini mai huji a tsakiya, wanda take naɗa wa zare tun suna amarya da ango. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Daga nan ya goge gefensa da magagari har ya shiga bakin tiyo, ya rage hujin da walda, ya ɗaure. Yanzu dole man ya bi ta ƙaramar kafa.

Ranar Asabar jama'a suka taru. Ƙararrawa ta tashi sama tana lilo a sarƙa. Shekari ya ɗora hannu a liba. Ya tura. Hannun taraktar ya yi ta gangarowa sannu sannu, kamar uwa za ta kwantar da jariri, har ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe. Mata suka ɓarke da guɗa. Shi kam bai sauko ba sai da aka buga ƙararrawar sau uku.

Tun daga ranar taraktar ta zama mai nawa wajen juye yashi. Direbobin tifa suka yi ta mita.

"Baba, cire abin nan mana, rana na yi!"

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Mai abin ba ta son gaggawa."

Bai taɓa cire shi ba.