Baƙin Gashi a Fankar Akwatin Gwaggo Burulkan

Sili uku ne na gashin tumaki, baƙaƙe, sun nannaɗe a ragar fankar da ke bayan akwatin sanyi. Na gan su ne ranar da Gwaggo Burulkan ta sa ni share mata mota, wata biyu bayan abin da ya faru a Tokmok. Duk bargo da shimfiɗar da ke motar nan fari ne ko ja, ita ta yi su da hannunta, kuma ba ta kiwon baƙar tunkiya. Baƙin bargo ɗaya na sani a danginmu, na Esenkul ƙanen mijinta, wanda yake sawa ƙarƙashin sirdi, yake kuma yawo da shi duk inda za shi.

Gwaggo yayar babana ce. Tun tana shekara goma sha huɗu take tatsar shanu da goɗiyoyi a garinmu Kochkor. Mijinta direba ne, shi ya cire kujerun bayan tsohuwar motarsa ya kafa gado da murhun gas, don su riƙa kwana a ciki idan an hau da dabbobi kan tudun Song-Kul da rani. Da ya rasu kowa ya ɗauka za ta sayar. Sai ta koyi tuƙi tana da shekara hamsin da biyu, ta kuma sayi shuɗin akwatin sanyi a Bishkek, irin wanda ake jona wa a ramin kunna taba na mota. Ba ya yin ƙanƙara, amma idan ka sa masa abu da sanyinsa, zai riƙe maka. Saboda kaimak ta saye shi, wato man saman madara mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. A unguwarmu ba a biki sai an aiko mata, kuma idan an ajiye kwanonta a kan shimfiɗa, tsofaffi ba sa tambayar na wa ne.

Da ɗanta ya auri 'yar garin Tokmok, dangi suka shirya ziyarar surukai. Tafiyar awa huɗu ce a watan Yuli, daga sanyin tudu zuwa zafin kwari. Ni ina jarrabawa a jami'a, mahaifiyata ce ta ba ni labari. An zauna, an yi addu'a, aka buɗe kwalbar kaimak a gaban uwar amarya, sai tsami ya cika ɗakin. Kafin kowa ya yi magana Esenkul ya kwashe da dariya.

"Ku yi haƙuri, surukai. Matar yayana ta tsufa, hancinta ya riga ta tafiya lahira. Tun da ta kama sitiyari hannunta ya manta madara."

Aka yi dariya, don a rage kunya. Amma maganar ta riga su komawa Kochkor. Daga nan idan ana biki, sai a ce wa Gwaggo ta taimaka da wankin kofuna. Akwai yaran da na ji suna kiranta Inna Tsami.

A al'adarmu matar gida ba ta kiran sunan dangin mijinta, laƙabi take sa musu. Shekara talatin tana ce wa Esenkul Mai Sirdi, suna wasa, yana satar mata soyayyen fanke daga kasko. Bayan Tokmok ya koma "wancan".

Kwana biyu ina riƙe da gashin nan a aljihu kafin na iya buɗe baki. Na ce wa Gwaggo akwatin zafin ciki yake zuƙowa ya fitar ta baya, fanka ta kore shi. Idan aka toshe masa baya, zafin ba shi da wurin zuwa sai ya koma ciki.

"Wa ya zauna kusa da shi ranar?" na tambaya.

Ta daɗe tana kallon silin a tafin hannuna. Ta ce Esenkul ne ya zauna a baya. Ya lulluɓe akwatin da bargonsa kamar yadda kakanninmu ke lulluɓe salkar nonon goɗiya don kada rana ta taɓa ta, da aka iso kuma ya janye abinsa ya saɓa a kafaɗa.

"Sai ki faɗa wa mutane, Gwaggo."

"In faɗa wa wa? A ce tsohuwa ta samo uzuri wurin 'yar boko?" Ta ƙulle gashin a bakin ɗankwalinta. "Wanda ya zubar da ni a gaban mutum ashirin, a gaban ashirin ɗin zai kwashe ni. Ke dai ki yi shiru, kin iya."

Ta yi shekara biyu tana wankin kofuna. Ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta kuma fasa zuba masa shayi rabin kofi ba, wanda a wurinmu shi ne girmamawa. Ni kaɗai na san ƙullin da ke bakin ɗankwalin, don ko ta sauya ɗankwali sai na ga sabon ƙulli.

Sannan aka haifa mata jika, surukan Tokmok suka kira bikin sa jariri a shimfiɗarsa. Gidan nan dai, mutanen nan dai, kuma a watan Yulin dai. Esenkul ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofa yana wasa da bulala.

"Matar yaya, motarki za mu shiga. Amma kaimak ɗin bana Jipar ce za ta yi. Ke ki ji da tuƙi, kada a sake kashe mana surukai."

Jipar matarsa ce, baiwar Allah, ta sunkuyar da kai.

"To," in ji Gwaggo. "Akwatin ma ai kai ka fi ni sanin kansa. Ka zauna kusa da shi."

Muka tashi da hantsi, ina gaba kusa da ita. Ba mu kai Orto-Tokoi ba na ga idonta ya koma kan madubi. Esenkul ya warware baƙin bargon, ya lulluɓe akwatin, ya cusa gefe-gefensa da kyau kamar mai kwantar da jinjiri. Ƙarar fankar ta dushe. Sai Gwaggo ta rage gudu. Motar da takan ba ta wuta a wannan hanya, ranar tafiyar hawainiya ta yi. A kwazazzabon Boom ta tsaya inda babu inuwa, ta ce ƙafarta na ciwo, ta sha shayi kofi huɗu, ta sayi dafaffiyar masara ta ci ƙwaya-ƙwaya.

"Matar yaya, rana fa na yi."

"Ina ruwanka da rana, ba ka rufe shi ba?"

A Tokmok, da Esenkul ya kai hannu zai janye bargon, ta riƙe masa hannu. Ta ce a shigar da akwatin yadda yake, surukai su ga irin kulawarsa. Ya ji daɗi, har ya ɗauka da kansa.

Aka zauna, aka shafa addu'a. Jipar ta buɗe kwalba, tsamin nan ya tashi, shi ɗin dai na shekara biyu da suka wuce. Esenkul ya juya ga matarsa ya buɗe baki, Gwaggo ta riga shi.

"Kul! Kada ka taɓa ta. Hancin Jipar bai mutu ba, ba ta kuma taɓa riƙe sitiyari ba. Yau wa za ka ɗora wa?"

Ta kama hannun uwar amarya, ta ɗaga bargon, ta ɗora shi a bayan akwatin. Matar ta fizge hannunta kamar ta taɓa tanderu. Gwaggo ta kwance bakin ɗankwalinta, ta shimfiɗa silin nan uku a kan farin ƙyallen abinci, kusa da gefen bargon.

"Waɗannan na bara waccan ne. Surukuwa, ki duba, tunkiya ɗaya ce ko biyu?"

Wani tsoho ya fara dariya, sauran suka bi. Esenkul ya ce shi alheri ya nufa, haka ubansa ke rufe salka.

"Salka ba ta numfashi, wannan yana yi. Rufewar na yafe maka, jahilci ne. Maganar ce ban yafe ba. A nan ka ce hancina ya mutu, a nan za ka tashe shi."

Ya dubi maza, babu wanda ya cece shi. Ya faɗa ƙasa-ƙasa cewa laifinsa ne. Ta ce kunnenta ma ya tsufa, ya ƙara. Ya ƙara, har na tsakar gida suka ji.

Sai a lokacin ta aike ni mota. Ƙarƙashin gadonta akwai bokiti cike da gorunan ruwa da ta daskarar a firjin maƙwabta, kwalbar kaimak ɗinta na tsakiya. Uwar amarya ta tsayar da cokali a ciki, ya tsaya. Aka juye a kwano ya zaga ɗakin, da ya iso gaban Esenkul Gwaggo ta miƙa hannu ta tsallake shi ta ba na kusa da shi.

Na ɗauka a hanyar dawowa za ta sake ce masa Mai Sirdi. Ba ta ce ba, har yau kuma ba ta ce ba. Da muka iso Kochkor ta sauke su a ƙofarsu, ta kai motar ƙarƙashin rumfa, ta ciro akwatin ta kifa shi a kan cinyarta. Ta ɗauko tsohon buroshin haƙori, ta zauna tana goge ragar fankar.