Malam Baɗi, wanda ya ƙwato min sunan sabuluna

Kullum da safe, kafin ya kunna kwamfuta, sai ya share ƙofar shagonsa ya haɗa da ta maƙwabcinsa mai gyaran waya. Shagon ɗan tsugul ne a ƙarƙashin matakalar bene: tebur ɗaya, kujeru biyu, fanka mai kuka kamar akuya. Sana'arsa sayar da sunaye. Sunan nan da mutum zai buga a waya ya faɗo shafin kasuwancinka a intanet, shi yake sarowa daga wani babban kamfani ya sayar wa irinmu. Ya haura shekara ashirin a kai. Yanzu ido ya gaza, zai miƙa wa ƙanwarsa shagon, shi ya sa na ce sai na yi magana tun yana zaune a kujerarsa. Ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sa wa maganata sukari.

Malam Baɗi ake ce masa. Abokan sana'arsa ne suka laƙaba masa don tsokana, saboda duk wanda ya shigo ya tambayi farashi, sai ya ce, "Tsaya in fara gaya maka kuɗin baɗi." Da yawa suna jin haka sai su fice, su haye sama wurin mai araha.

Ni sabulu nake yi, da mata takwas muna juya tukunya. "Sabulun Goggo" ne a jikin kowane sanda, kuma shi ne sunan da 'yata ta saya mana a intanet don masu otal da masu kanti na nesa su riƙa aiko da oda. A wurin mai arahar nan ta saya, wanda ofishinsa duk gilashi ne. Ni a zatona an saya an gama, kamar yadda ake sayen tukunya. Ashe haya ce ta shekara. Wannan ma da sauƙi. Da shekara ta zagayo sai ya ninka kuɗin sau goma. Muka ce to ba mu kayanmu mu koma wani wuri, ya ce wane kaya? Ashe tun farko sunansa ya rubuta a matsayin mai shi. Ya rufe shafin, oda ta tsaya cak, kuma ya aiko mana cewa akwai wani mai sabulu da ke son sayen sunan. Sunana fa! Wanda na tafasa shi da hannuna har fatar yatsuna ta saɓule!

Na ɗauki mayafi na nufi benen. Da yake ba na karatu, shagon farko da na ga kwamfuta na faɗa ciki.

"Kai ne ɓarawon sunaye?"

Ya ɗago tabarau mai kaurin gindin kwalba ya dube ni. "Goggo, zauna tukuna, sai ki ci gaba da zagin. A tsaye ba zai yi nisa ba."

Na zauna, na wanke shi tas. Sai da na kai ga kakanninsa mai gyaran waya ya leƙo yana riƙe ciki. "Goggo, naki yana sama! Wannan ko kazar maƙwabta bai taɓa kora ba."

Malam bai ce in ba shi haƙuri ba. Ruwa ya miƙo min, ya ce, "A ina kike sayen man sabulu?" Na ce a sari, ganga-ganga. Ya ce, "Wanda ya ɗauki ganga ɗari da wanda ya ɗauki biyu, farashinsu ɗaya?" Na ce ina fa. Ya ce to haka sunaye suke. Shi da na sama wuri ɗaya suke sarowa, amma na sama dubbai yake ɗauka, sai kamfanin ya sauƙaƙa masa. Shekarar farko ma na saman ƙasa da yadda ya saro yake sayarwa, don ya san in ka buga sunan a kwali da allo ba ka da wurin gudu.

Na ce to ka sayar min da wani sunan mu huta. Ciniki ne ya zo masa har tebur, amma sai ya girgiza kai. "In kika canza suna, masu otal ɗinki za su buga tsohon su faɗa hannun wani. Naki za mu nema."

Ya kai ƙarar na sama wurin kamfanin da suke sarowa. Don shaida, ya sa aka ɗauki hoton ƙarfen da nake buga wa sabulu suna, wanda ya sha hannu har harufansa sun fara shafewa. Kamfanin ya yi shiru. Dama wa zai ɓata wa mai sayen ganga ɗari rai saboda mai ganga biyu? Ana nan na sama ya aiko wa Malam da saƙo cewa ya kiyayi kansa, tsoho ne, shagonsa numfashi ɗaya ya rage masa.

Abin da Malam ya yi daga nan, ba labari aka ba ni ba, ina biye da shi da jakata. Shago-shago ya bi ƙananan masu sayar da sunaye, mutanen da suke ƙwace masa ciniki, waɗanda suka raɗa masa sunan tsokana. Har da wani dogo da suka yi shekaru ba sa gaisawa. Dogon ya tare ƙofa ya ce, "Baɗi, wa'azi ka kawo min?"

Malam ya ce, "Ciniki na kawo. Kai nawa kake sara a shekara? Ni nawa? Kowannenmu shi kaɗai ba a ganinsa. In muka haɗa sarinmu wuri ɗaya, mun fi na sama."

"In haɗa kai da kai? Ka sace min mutane?"

"Mutanenka na nan hannunka. Sarin kawai za mu haɗa, a kasuwa kuma mu ci gaba da harararmu."

Dogon ya yi dariyar da bai shirya ba, ya matsa ya ba mu hanya.

Da suka taru, murya ɗaya suka yi wa kamfanin magana: ko a duba ƙarar matar nan, a kuma tilasta wa kowane dillali rubuta sunan mai kaya, ko su kwashe sarinsu gaba ɗaya su kai wani kamfani, tunda ba shi kaɗai ke sayarwa ba. Kamfanin da ya kurumce sai ga shi kunnensa ya buɗe. Har farashin sarin ya rage musu.

Ranar da aka dawo min da sunana, Malam ya juyo kwamfutar ta fuskance ni ya ce, "Goggo, duba gurbin mai shi." Ban san harafi ɗaya daga wani ba, amma na san kamannin sunan nan, hannuna ya buga shi a sabulu sau babu iyaka. Shi ne a wurin. Ya sa 'yata ta saka lambar sirri, shi kuma ya juya fuskarsa bango har ta gama. Washegari oda ta shigo daga wani otal, matana takwas suka hura wuta.

Malam, kai ne mai gaskiyar da ta hana ka gina bene. Kai ne ka sha zagin da ba naka ba, ka kuma ba mai zagin ruwa. Shekara ashirin kana kallon mutane suna wuce ƙofarka saboda ka ƙi yi musu ƙarya, ba ka canza ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idanunka lafiya, ya sa ƙanwarka ta ɗauko halinka kaf.

Amma kada kowa ya ɗauka na huce. Akwai mai ɗinki, akwai mai sayar da ƙwai, akwai wani makaniki, duk sunayensu na hannun na sama har yau. Kai mai gilashi, na san za a karanta maka wannan. Ƙararsu tana gaban kamfanin, kuma yanzu ba mutum ɗaya ke bugun ƙofar ba. Ka sakar musu kayansu tun da sauran mutuncinka.

Ku kuma matasan da kuka shigo sana'ar nan da wayoyinku masu sheƙi, ku yi araha in za ku iya, muna so, ba wanda ya ƙi sauƙi. Ku yi gasa har ku gaji. Amma wanda ya kawo muku sunansa, guminsa ya kawo. Ku rubuta shi a matsayin mai shi, ku miƙa masa mabuɗinsa, ya tafi duk inda ya ga dama. Malam haka ya yi mana, kuma ko ɗaya daga cikinmu bai tafi ba.