Yadda Ƙafafuna Suka Mutu a Gidan Masunta

Salamu alaikum jama'a. Shekara da shekaru ana tambayata dalilin ɗingishina, ina cewa ƙaddara ce. Yau zan faɗa, don jiya wata ta zo injin shinkafata da yaro a goye, ƙafafunsa na reto, wai shan inna ne.

Ni ma haka aka ce da ni.

Zamanin Turawa ne, ina ɗan shekara takwas, a ƙauyenmu kusa da Guri. Gudawa ce ta fara, wata da watanni ba ta tsaya ba. Sai tafin ƙafata ya riƙa yi kamar kiyashi na bi. Ƙaya ta soke ni ban ji ba. Kafin ruwa ya janye daga fadama na daina tashi, ludayi ma suɓuce min yake.

Kakata, Iya Gaji, ita ke da hukunci a gidan. Ta ce mai gudawa ba ya cin kifi, ba ya shan nono, ƙwai kuwa sata yake koya wa yaro. Kunun kanwa safe da yamma. Ana bandar kifi a tsakar gida, ina jin ƙamshi ina kuka.

Babana ya gaji. Ya sa ni a kwalekwale, daga nan jaki, sai asibiti a Haɗeja. Iya ta biyo mu tana faɗa.

Likita Bature ya buga min ƴar gudumar roba a gwiwa, ƙafa ba ta motsa ba. Aka ɗebi jini da bayan gida, aka ja ruwa a gadon bayana. Na ɗauka yanke ƙafafun za a yi.

Malamin asibiti ya fassara: "Ba shan inna ba ne. Jijiyoyinsa ne suka kumbura, hanjinsa kuma ba ya riƙe abinci. Me kuke ba shi?"

"Kunu," in ji Iya.

"Sai me?"

"Sai wani kunun."

"Haba Iya! Jikan masunta guda?"

"Kai yaro, goma na rena kafin a haifi uwarka."

"To na sha ɗayan ki bar mana shi."

Wata huɗu na kwanta. Allura kullum, maganin ciki, hanta, kifi, madara. Aka kafa min gora biyu ina dafawa. Bayan sallama ciwon ya dawo sau ɗaya, muka koma.

Iya da kanta ke cire min ƙayar kifi. "Ci, mijin banza, ka tashi ka yi min noma." Har ta rasu ba ta ce ta yi kuskure ba. Allah ya jiƙanta, ƙauna ce ta sa ta.

Da ƙafafun nan na je makarantar Midil, da su na kafa duk abin da kuke gani, ban gaji ko tsinke ba. Alhamdu lillahi. Babana da malamin nan da ban san sunansa ba, Allah ya saka musu da alheri.

Iyaye, in gudawar yaro ta daɗe, ya rame, ya fara tuntuɓe, ku kai shi asibiti, kada ku hana shi abinci. In tsohuwar gida ta ƙi, ban da musu. Ku tafi da ita, ta ji da kunnenta.