Ranar Da Na Sayar Da Ruwan Sama

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku saurara. Akwai ranar da ba ta fita raina, a watan Yunin 2013, ina direba a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a unguwar Murabba, can Saudiyya. Aikina kai fasfo ofishin jakadanci, in karɓo biza. Shekara tara, ko sannu babu.

Mudir ɗinmu, wato manaja, Nizam ne, mutumin Siri Lanka. Sau ɗaya ya tafi da ni tsibirinsu, don in riƙa ɗaukar kayan baƙi. Ya cika bangon ofis da hotunan rana da yashin bakin teku, kuma ya kafa doka: kada kowa ya ambaci damina a gaban kwastoma. Lokacin iƙamata, takardar zama, saura sati uku ta mutu, kuma sai Nizam ya sa hannu kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyina, zai sabunta ta.

Ran nan wani dattijo Basa'udiye, Abu Fahad, ya zo neman wurin hutu. Nizam ya dinga yabon ranar tsibirinsu. Dattijo ya yatsina fuska, ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya kaina.

"Kai ɗan Najeriya, ka je can?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Wallahi ya Shaikh, yanzu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. A kan duwatsu gajimare har cikin gonakin shayi yake sauka, barci sai da bargo. Giwaye na wanka a kogi, matsattsaku na kama ƙafa. Abincinsu kwakwa da barkono, sai ka yi hawaye. Kwana shida ban ga rana ba."

Nizam ya zare min ido. Na ce a raina, Garba, haɗa kayanka, sai Gusau.

Dattijo ya dawo ya zauna. "Ruwa? Kullum?"

"Kullum."

"Masha Allah! Mu goma sha ɗaya ne. Ku kai mu inda ya fi zuba."

Kafin la'asar Nizam ya sa hannu, har da kawo min shayi. Bayan sati biyu Abu Fahad ya turo bidiyo: ga shi tsaye cikin ruwa, jallabiya sharkaf, yana ta dariya, iyalinsa na guɗa. Nizam kuwa ya gaya wa kafili dabararsa ce. Komai dai, na yi dariyata.

Mutumin da rana ke gasawa tun yana goye, ba a tallata masa rana. Kafin ku yabi ƙasa, ku tambayi baƙo me ya rasa a gidansu.