Bindigar Kawuna a Shingen Gusau

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, matar yayana ta haifi ɗa namiji a gidanmu na Bungudu. Dangin mahaifiyata maharba ne, kuma suna da wata al'ada: duk namijin da aka haifa a zuriya, ko da jikan mace ne, da an raɗa masa suna sai a harba bindigar kaka sau ɗaya a sama. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wani maƙeri a nan Bungudu ya ƙera wa kakan mahaifiyata ita, a zamanin da Turawa ke ja wa ƙasa iyaka, Ingilishi nan, Faransa can. Ɗansa ya bi farauta har ya zauna wajen Maraɗi, bindigar ta bi shi. Can aka haifi mahaifiyata, aure ne ya dawo da ita gida. Wanta, wato kawuna, shi ne ya gaji bindigar.

Kwana biyu da haihuwar kawu ya bugo waya ya ce zai taho da ita, amma a tambayi 'yar boko ko takardar bindigar ta Nijar za ta yi aiki a nan. Ni ce 'yar bokon. Na karɓi waya ina wani ɗaga kai, na ce masa ai takarda takarda ce, tunda katinsa na shaida yana shigo da shi ƙasar nan, ita ma bindigar takardarta za ta shigo da ita. Wallahi ban san komai a kai ba. Kunyar in ce ban sani ba ce kawai ta sa ni magana.

Ya biyo hanyar da suka saba bi, ya fara sauka Tsafe wurin ƙanwarsu, aka tura ni in taho da shi. Muka shiga mota da hantsi, bindigar na naɗe cikin tabarma a but ɗin motar. Dab da shiga Gusau aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya ja tabarmar, ta warware, sai ga bakin bindiga.

Kafin in ƙifta ido fasinjoji sun ja baya sun bar mu mu biyu. Aka zaunar da kawu a ƙasa cikin rana, tsoho da furfurarsa, hularsa ta faɗi babu wanda ya ɗauka. Suna tambayarsa ina sauran, wa zai kai wa a daji. Shi kuwa bai ruɗe ba. Ya zaro takardarsa daga cikin leda, da hotonsa da hatimi, ya miƙa. Jami'in ya juya ta gaba da baya, ya ce wa zai karanta wannan.

"Ga ɗiyata nan, ta yi boko," in ji kawu, har da murmushi.

Na karɓa. Faransanci ne daga sama har ƙasa. Sunansa kaɗai na iya karantawa.

Babbansu ya iso, mutum mai sanyin magana. Kawu ya yi masa bayanin yadda abin yake a can: ya je gaban hukuma, sun tambaye shi me yake da ita, ya ce farauta da gado, suka rubuta ta da sunansa, kuma duk jandarma, wato jami'in tsaron can, da ya ga takardar sai ya ce masa a sauka lafiya. Babban ya ce a nan ma bindigar toka sai da lasisi, amma na jihar da kake, da sunanka, kuma shigo da bindiga daga wata ƙasa magana ce daban mai nauyi.

"Baba, takardarka can take da rai. Da ka ƙetare iyaka ta mutu."

"Wace iyaka?" in ji kawu. "Wagga bindiga Bungudu anka ƙere ta. Gida ta taho."

Suka sa shi a bayan motarsu. Ni kaɗai na ƙarasa Bungudu, ina kuka har direba ya gaji da ba ni haƙuri. Da mahaifiyata ta ganni babu wanta, zama ta yi a bakin ƙofa.

Kwana uku mahaifina da mai unguwa da sarkin maharba suna zirga-zirga Gusau, suna rantsuwa sun san shi sun san ubansa. Aka yi suna babu harbi, babu kawu. Washegarin sunan jami'an suka sake shi. Bindigar kuwa aka ce ta zama shaida, har yau ba mu sake ganinta ba. Na durƙusa gabansa ina neman gafara, ya ce in tashi, ba ni na ja iyakar ba.

Daga baya na bincika, na gane babban nan bai yi ƙarya ba, haka dokar take. Ban kuma ce a bar kowa ya yi yawo da makami ba, mu da muka san abin da bindiga ta yi wa ƙauyukanmu. Abin da ke ƙona min rai shi ne waɗanda suka hana mu noma ba su taɓa neman takardar kowa ba, ba sa kuma bi ta shinge. Wanda ya je ya tsaya layi, ya ɗauki hoto, ya adana takarda cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta, shi aka zaunar a ƙasa. Dokar can da Faransanci, ta nan da Turanci, shi kuwa Bahaushe ne da babu wanda ya taɓa karanta masa ko ɗaya da harshensa. Har yanzu in mota ta rage gudu a shinge sai in tuna kawu zaune a ƙasa cikin rana.

Kawu bai ƙara tako ƙasar nan ba. Ko rasuwar mahaifina ta waya ya yi gaisuwa. Mahaifiyata ce ke zuwa wurinsa yanzu, da ciwon gwiwarta, sau ɗaya a shekara. Bara ta roƙe shi ya zo ko kwana ɗaya ne, ya ce mata: "Ke dai ki riƙa tahowa. Ni baƙo ne can, an gaya mini."