Takardun Asibiti a Rumfar Kawu

Shekara talatin da 'yan kai Kawu yana gyaran takalma a wata rumfa da ke bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da caja. Mutanen layin suna ce masa Likita, domin in ka miƙa masa takalmi ba ya tambayarka abin da ke damunsa. Juya shi yake yi ya dubi ƙasansa, sannan ya zura hannu ciki yana laluben ko wata ƙusa ta leƙo. Sunan ya hau masa kai, har ranar da likitan gaske ya ce masa yana da ciwon suga, Kawu kallon abokin aikin da bai gama ƙwarewa ba ya yi masa.

Ni aka ɗora wa kai shi asibiti, saboda ni ce 'yar ƙanwarsa da ba ta iya cewa a'a ba. Duk Larabar farkon wata akwai ajin masu ciwon suga a wani ɗaki mai benci shida da fanka ɗaya da ta gaji da duniya. Wata nas ce ke koyarwa. Takan ce ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali, mutum ya taka abu bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafar. Kowa ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko da madubi ne, kuma ya laluba cikin takalmi kafin ya sa.

Babu mai gyaɗa kai kamar Kawu. In an tashi, kowa ya ɗauki takardar bayani ɗaya, shi sai ya kwashi goma. Nas har misali take bayarwa da shi.

"Kawu, wa kake kai wa sauran?" na tambaye shi.

"Ke dai bari. Takarda ce mai kauri, irinta ta yi wuya yanzu."

Sai da na je rumfar na ga inda ilimin yake zuwa. Mai son sabon takalmi zai taka bayan takardar, Kawu ya zagaye ƙafarsa da biro, ya rataye a jikin ƙusa. Ƙafafun rabin unguwa na nan a bayan takardun asibiti, gaban kuwa ko sau ɗaya bai duba ba. Shi kansa yana zaune ba takalmi, ƙananan ƙusoshi warwatse a ƙasa kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Kawu, ba nas ta hana zama haka ba?"

"Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mini ƙafa? Na ga ƙafa dubu kafin ta fara rarrafe."

Na yi ta mita har ya gaji. Ya jawo wani tsohon takalmi da mai shi ya manta, ya buga masa sabon ƙasa cikin fushi, ya sa. Hannun nan da yake zurawa a takalmin kowa, bai zura a nasa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kwana tara ƙusa tana cin ƙasan babban yatsansa, yana tafiya yana gaisawa da jama'a. An ce jiki ya fi kunne ji, to shi Kawu daga kunnen har ƙafar babu mai ji. Matarsa ce ta ga jini a safa tana wanki. A asibiti aka cire yatsu biyu, aka ce Allah ya sa abin ya tsaya nan.

Nas ta zo duba shi a kan gado. Na zaci faɗa za ta yi, ina ma shirin taya ta.

"Baba, in an kawo maka takalmi, me kake fara yi?"

"In juya in dubi ƙasansa."

"To ƙafar nan ma aiki ce aka kawo maka. Ta daina faɗa maka inda ke mata ciwo, sai ka juya ka duba."

Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa: shi da ya yi wata takwas yana gyaɗa kai, ko ma'aikatan asibitin da suka yi wata takwas ba wanda ya tambaye shi sana'arsa.

Da aka sallame shi, babu takalmin da ya dace da ƙafar, ya ce shi zai ɗinka abinsa. Sunkuyawa tana ba shi wuya, sai ya shimfiɗa takardar asibiti a ƙasa, ya taka, ya miƙo mini biro. Na zagaye a hankali, har da inda babu yatsu. Ya ɗauki zanen ya daɗe yana kallo, sannan ya juya takardar ya miƙo mini.

"Karanta mini wannan gefen," in ji shi. "Daga farko."